Jinyar Wuƙar Kawu Hassoumi

Ranar Talata da hantsi wuƙar ta iso Lyon. Alhaji Yakubu ne ya kawo ta, aminin kawuna, wani Bakano mai tuƙa motar kaya daga kasuwar Rungis zuwa kudu. Ya kira ni ya ce in sauko ƙofar gida. Na sauko na tarar ya rungume wani abu cikin bargon jarirai mai zanen agwagi, yana kare shi daga iska da kafaɗa.

"Raliatou, ga majinyaciyarki," in ji shi. "Tun daga Paris ban kunna sanyin esi ba, burki ma lallaɓa shi na yi ta yi."

Na buɗe bargon. Wuƙar fawa ce mai baƙar ƙota, jini ya bushe a bakinta. Na san ta sarai, ita ke yanka mana ragon layya kowace shekara.

Laifina ne, bari in faɗa tun ba a tambaye ni ba. Shekara huɗu ke nan ina jami'a a Lyon ina rubuta kundin babban digiri a kan 'yan damfarar magani na Faransa na shekara ɗari huɗu da suka wuce. Mutane ne da ke kafa dandamali a kan gadar Pont-Neuf a Paris, da ganga da biri da rigar ado, suna sayar da ruwan ɗaci a kwalba da sunan maganin kowace cuta. Na tsane su irin tsanar da ake yi wa mugun maƙwabci, don na san su ciki da bai. Babi na uku na kundin ya bayyana abin da ya sa jama'a ke yarda da su. Amsata kalma ɗaya ce na ja ta har shafi arba'in: jahilci.

To, da Babbar Sallah na je gidan Kawu Hassoumi a Clichy-sous-Bois, a gefen Paris. Yayan mahaifiyata ne, mahauci a Rungis shekara ashirin da biyu, shi ya tarbe ni a filin jirgi ranar da na baro Damagaram. Muna tsakar cin suya ya dube ni ya ce, "Wai ke, ɗiyata, me kike karantawa ne da ba ya ƙarewa?"

Neman burgewa ya sa na zaɓo wanda ya fi ban dariya. Na ce a wancan zamanin akwai masu cewa in takobi ko wuƙa ta ji wa mutum rauni, ba raunin ake shafa wa magani ba, makamin ake shafawa. A naɗe shi, a ajiye shi wuri mai ɗumi, ko da mai raunin yana wani gari. Raunin kuwa a wanke shi da ruwa kawai a ɗaure. Man da ake shafawar ana haɗa shi ne da kitsen aladen daji, da tana, da gansakukar da ta tsiro a ƙoƙon kan wanda aka rataye. Falo ya ɗauki dariya, har matarsa Tanti Maimouna ta ƙware. Kawu kaɗai bai yi dariya ba.

"Ko da yana wani gari?"

"Ko da yana wani gari, Kawu."

Ya ce "Hmm," ya ci gaba da yanka hanta. Baki shi ke yanka wuya, amma ranar ban ji komai a nawa wuyan ba.

Yanzu ga shi wuƙar ta zame masa a wurin aiki ta shiga manunin hannunsa na hagu har kusa da ƙashi, shi kuwa shekara tara yana fama da ciwon sukari. Ko ni da ba likita ba na san yankan mai sukari ba abin wasa ba ne. Alhaji Yakubu bai gama tayar da mota ba na danna kira.

"Kawu, ina kwana, ya gida, ya jiki?"

"Lahiya lau. Ta iso lahiya?"

"Kawu, ƙarya ce! Abin da na ba ku labari ran Sallah aikin 'yan damfara ne, shi ya sa nake rubutu a kansu. Ku tafi lopital yau ɗin nan, likita ya duba hannun."

"Turawa sun rubuta shi a littahi ko ba su rubuta ba?"

"Sun rubuta, amma..."

"An aje littahin shekara ɗari huɗu, ba a kunna wuta da shi ba?"

"An ajiye, Kawu, amma don..."

"Gwamnati ta ba ki bourse, kuɗin karatu, ki karanta shi?"

Na ce ta ba ni.

"Bon. Ƙarya ba ta samun bourse. Ki shafa mata magani." Ya kashe.

Ina tsaye ina huci sai ga kiran Tanti Maimouna, murya ƙasa-ƙasa, ruwa yana zuba a bayanta, da ji a banɗaki ta ɓuya. Ta ce in rufa mata asiri in riƙe wuƙar. Kwana uku ya hana ta taɓa hannun, yau da ya ji wuƙa ta kama hanya shi da kansa ya miƙo, wai littafi ya ce a wanke. In na mayar da ita, zai sake rufewa. Ta ce in ba ta kwana biyu ta shawo kansa a hankali.

Haka aka yi na zama boka. Ƙoƙon kan ratayayye dai ba a samun sa a unguwarmu, don haka na lakato man kaɗanyar da nake shafawa a ƙafa na mulke wuƙar, na naɗe ta, na ɗauki hoto na aika. Ba a yi rabin awa ba saƙon muryar Kawu ya shigo: "Allah ya yi miki albarka. Zogin ya faɗa."

Ran Laraba ya kira ina ɗakin karatu. "Ɗiyata, kin bar ta kusa da taga ko? Sanyi nake ji a yatsa." Na ce a'a da ƙarfi, har wani farfesa ya harare ni ta saman tabarau. Da na koma gida na tarar da ita a kan dakalin taga, tagar kuma a buɗe. Na ji haushi ƙwarai, amma na ɗauke ta na ajiye kusa da na'urar ɗumama ɗaki.

Ran Alhamis ya sake kira, muryarsa a dashe. "Kin matsa da ita kusa da wuta da yawa. Jikina kamar tanda." Na ruga na janye ta, na ce ya ji yanzu, ya ce da dama. Wannan ne abin da har yau nake jin kunyarsa. Mutum mai sukari da rauni ya ce mini jikinsa kamar tanda, ni mai shafi arba'in a kan jahilci ban ce zazzaɓi ba ne. Na matsar da wuƙa na koma karatu hankali kwance.

Ran Juma'a bayan masallaci aka ƙwanƙwasa mini ƙofa. Hajiya Hamdiya ce, uwar 'yan Nijar na Lyon, da kular kunun gyaɗa, a bayanta ɗalibai biyar sun sha shadda. Ashe Kawu ya kulle ƙofarsa a Clichy. Duk wanda ya kira zai zo dubiya sai ya ce masa, "Mara lahiyar tana Lyon, ga adireshi." 'Yan Paris kuma suka wakilta 'yan Lyon.

Ɗakina ɗakin ɗaliba ne, in ka miƙe hannu biyu ka taɓa bango biyu. Suka cire takalma suka jeru a bakin gado, wuƙa tana kwance a kan filo. Hajiya ta sunkuya kanta.

"Sannu. Ya jiki?"

Duk suka juyo suna kallona.

"Da sauƙi," na ce.

"Allah ya ƙara sauƙi. Tana samun barci?"

Ban tsammanin akwai ko ɗaya a cikinsu da ya yarda wuƙa tana jin gaisuwa. Biyu injiniyoyi ne, ɗaya yana koyar da lissafi. Amma babu wanda Kawu Hassoumi bai taɓa ɗaukar masa akwati ba, ko ya aika masa cinyar rago a shekararsa ta farko, kuma dubiya dubiya ce. In mutum ya ce ga inda za a gaishe shi, can za a gaishe shi. Malam Abdul'aziz mai lissafin ya ɗaga hannu ya yi addu'a mai tsawo, ya ce addu'a ba ta ɓatan hanya, ta san inda za ta. Aka shafa. Kunun kuwa ni na sha, don majinyaciyar ba ta da baki.

Abin bai tsaya nan ba. Asabar da safe Hajiya ta dawo da murfin kabad ɗin kicin ɗinta, ta kwance shi da sukurudireba, wai shi ya fasa mata goshi makon jiya, tunda man yana nan a taimaka. Wani ya aiko da fedar keke. Wata matar aure ta kira ta tambaya ko ana zuwa gida, don ita matattakala ce ta kayar da ita kuma ba ta ciruwa. Na ce mata ba na fita aiki waje. Da na ajiye wayar na ji abin da bakina ya faɗa, na zauna a ƙasa.

A nan zaune saƙon Tanti Maimouna ya same ni. Hoto ne, ta ɗauka Kawu yana barci. Yatsan ya kumbura ya yi baƙi daga kai har gaɓa ta biyu, bayan hannun ya tashi yana ƙyalli, ga wani jan zane ya bi ta wuyan hannu yana hawa. Allah ya sa a daidai lokacin Safi ta shigo da ledar lemo. Ɗalibar likitanci ce a shekarar ƙarshe, uwarta ce ta kira daga Maraɗi ta ce lalle ta je ta gaida wuƙa. Tana dariya ta shigo. Na miƙa mata wayar, dariyar ta ɗauke.

"C'est aujourd'hui, Raliatou. Yau, ba gobe ba. Kin ga jan layin nan? In ya ƙara hawa ba zancen yatsa ake ba, hannu ne. In ya wuce nan kuma, rai."

Na kira Kawu sau uku. Da ya ji na ce "lopital" sai ya kashe. Na roƙe shi da Allah, na haɗa shi da darajar mahaifiyata, ya ce in duba ko bargon ya zame.

Na tsaya ina kallon takarduna. Shekara huɗu ina nazarin yadda mutanen gadar nan suke sa mai hankali ya yi abin da bai yi niyya ba, kuma na san dabarun kamar karatun sallah. Ba sa roƙo. Suna shiga kaya masu kwarjini, suna yin yaren da ba a ji, suna nuna wa mutum alama da idonsa, sannan ba sa ba shi lokacin tunani. Na ari farar rigar likitoci da ke cikin jakar Safi, na ɗiga ɗan kwaɓaɓɓen lalle a bakin wuƙar na bar shi ya kama, na kira Alhaji Yakubu na ce ya kawo ƙaramar motarsa ƙofar gidan Kawu da la'asar.

A jirgin ƙasa na rungume bargon awa biyu. Wata tsohuwar Baturiya da ke gefena ta riƙa yi wa mijinta alama ya rage murya kada ya tashi jaririn. Ban gyara mata ba.

Tun daga bakin ƙofar falo na ji warin. Tanti Maimouna ta turara gidan da turaren wuta har ido yana yaji, amma warin yana nan a ƙarƙashi. Kawu yana kishingiɗe, hannun a cikin tawul, gumi yana tsattsafo masa a goshi. Ban tsaya gaisuwa ba, abin da ban taɓa yi masa ba tunda nake. Na ɗora wuƙar a tebur, na yaye bargon a hankali, na buɗe kwafin wani tsohon littafin 'yan damfarar da na zo da shi na fara karanto yaren Latin da babbar murya. Shafin yana bayani ne a kan cire haƙori, amma babu mai sani. Alhaji Yakubu ya cire hula. Sannan na nuna jan ɗigon da yatsa.

"Tsatsa. Cutar ta shiga ƙarfe, Kawu. Ta fi ƙarfina. Littahi ya ce in aka ga haka, kafin rana ta faɗi a kai ta wurin masu wuƙaƙen da suka fi ta."

"To, ki kai ta."

"Ba ta da carte Vitale, katin ganin likita. Ba sa karɓar ta sai da mai ita. Kuma a ina kuka taɓa ganin an kai mara lahiya lopital ba ɗan jinya? Ku da kuka raka rabin Clichy? Shekara ashirin da biyu tana ci da gidan nan, yau za ku bari ta tafi ita kaɗai?"

Ya daɗe yana kallon ɗigon. Ni kuma ina tsaye a kansa cikin farar rigar da ba tawa ba.

"Maimouna," ya ce, "miƙo mini hulata."

Shi ya riƙe wuƙar a cinya duk hanya. Alhaji Yakubu ya tuƙa mu har wani babban asibiti a wajen Bobigny, ya tsaya daidai ƙofar gaggawa ya kashe mota. Ya fita, Tanti ta fita. Kawu bai motsa ba. Muka rage mu biyu a kujerar baya. Ya buɗe bargon da hannunsa mai lafiya, ya kankare jan ɗigon da farcen babban yatsa, ya shinshina.

"Lalle ne. Na Maimouna ya fi wannan kamawa."

Ya share farcen a jikin bargon ya ci gaba.

"Ɗiyata, ni mahauci ne. Daga ƙofar firigo, ɗakin sanyin nama, nake jin warin rago in ce a maida shi. Tun ran Alhamis na ji naman nan ya juya." Ya dubi ƙofar asibitin. "Kin tuna Kawunki Ilya?"

Na tuna. Ƙanensa ne, shi ma mai sukari, ya rasu a ƙasar nan shekara bakwai da suka wuce, ina gida lokacin. Abin da aka faɗa mana a waya kawai shi ne kwana ya ƙare.

"Da ɗan yatsan ƙafa na raka shi. Suka cire yatsan. Suka cire tafin. Suka hau gwiwa. Kowane yanka na duba da idona, aiki ne mai tsabta, ba inda suka yi kuskure. Nama ne ya riga su. In na shiga ƙofar nan na san inda za su fara ɗora wuƙa, amma ban san inda za su tsaya ba." Ya shafa ƙotar. "Na san ƙarfe ba ya jin sanyi, ni ba mahaukaci ba ne. Amma muddin tana Lyon, ciwon ma yana Lyon. Har barci nake samu."

Kuka ya ƙwace mini. Na cire farar rigar na dunƙule ta, don ba ta da sauran amfani. Na ce, "Kawu, tsoro nake ji. Ba ni da littahi, ba ni da magani. Ba ni da kowa a ƙasar nan sai ku, kuma ba na son in kira Inna in ce mata kwana ya ƙare."

Na ɗauka ya ƙi. Sai ya naɗe wuƙar da kyau, ya soke bakin bargon, ya ɗora mini ita a cinya.

"Riƙe ta. Kada ki sa ta kusa da taga."

Ya buɗe ƙofar motar da kansa.

A ranar suka cire yatsan daga tushe, suka ɗaura masa ruwan magani kwana goma sha ɗaya. Hannun ya tsira. Likitan ya ce da an ƙara kwana ɗaya ko biyu da wani zancen ake. Ranar da aka fara kwance bandeji Kawu ya sa aka ɗaga masa hannun ya duba ɗinkin ta kowane gefe, ya gyaɗa kai ya ce, "Ya bi gaɓa. Yaron ya iya aiki." 'Yan dubiya suka cika ɗakin, wannan karon a kan mutumin da ya dace, har ma'aikatan jinya suka fara raba su rukuni-rukuni. Hajiya Hamdiya ta zo tun daga Lyon, ta ja ni gefe ta ce goshinta ya warke tas, in mayar mata da murfin kabad ɗinta.

Babi na uku na yaga shi. Malamin da ke duba kundina ya tambaye ni wace sabuwar takarda na tono da ta rushe shafi arba'in. Na ce masa ba takarda ba ce. Har yanzu ina ƙin mutanen gadar Pont-Neuf, macuta ne, da yawa sun mutu da kwalbarsu a hannu, Kawu ma saura ƙiris. Amma masu tsayawa a gaban dandamalin na daina kiran su jahilai.

Wuƙar tana wurina. Ya ce in riƙe ta tukuna, ba yanzu zai koma Rungis ba. Na wanke ta na jefa cikin aljihun tebur tare da cokula, ba bargo ba komai.

Wata guda bayan an sallame shi, wata ranar Lahadi da azahar, ya kira. Muka yi gaisuwa cikakkiya, ya gida, ya sanyi, ya karatu, ya mutanen Lyon ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya yi gyaran murya.

"Ɗiyata, yatsan yana ƙaiƙayi."

"Wanne, Kawu?"

"Wanda babu."

Ya ce ya gaya wa lokotoro, wato likita, lokotoro ya ce haka yake yi, ba shi da magani, zai daina da kansa. Ya ce kwana uku ke nan, in ya kai hannu zai sosa sai ya sosa iska. Ya ce ba wai yana cewa in yi wani abu ba ne, labari kawai yake ba ni.

Ina jin numfashinsa ta waya. Na jawo aljihun tebur, na tono ta daga ƙarƙashin cokula, na ɗora farce a gadon bayanta.

"Ina sosawa, Kawu."

"Ƙasa kaɗan."

Na sauko ƙasa kaɗan.

"Yauwa," in ji shi. "Nan."